Me Ya Sa Muke Yi Wa Allah Sujada?

Karatun yau: Ayuba 1:6-22, Yahaya 4:19-24
Ayar haddacewa: Wahayin Yahaya 4:11



Akwai tambayar da Shaiɗan ya yi a gaban Allah game da Ayuba, kuma har yau bai daina yin ta a kan kowane mai bi ba. Ya ce ai ba don Allah Ayuba yake tsoron Allah ba, don abin da yake samu ne. An kewaye shi da tsaro, an sa wa dukiyarsa albarka, to me zai hana shi sujada? A taɓa abin hannunsa a gani. Wato zargin maƙiyi shi ne, duk mai durƙusawa gaban Allah ɗan kasuwa ne, riba yake nema.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, da za a yi wannan tambaya a kanka yau, mece ce amsar? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya tashi, taki ya yi tsada, kwanon hatsi ya wuce inda muka saba. A cikinmu akwai waɗanda suka yi azumi, suka ba da zakka, suka kwana a wurin addu'ar dare, amma damuwarsu tana nan inda take. Wasu sun fara ja da baya daga majami'a, suna cewa a zuci, "Me na samu?" Wanda bai san dalilin sujadarsa ba, ranar da ya buɗe rumbu ya tarar babu komai, ranar ce sujadar za ta ƙare. Shi ya sa ya kamata mu koma ga Maganar Allah mu ga dalilan.

1. Domin shi ya yi mu

Mutanen ƙasar Gaya ba sa bukatar a koya musu darajar maƙeri. Tarihin da aka gada ya nuna cewa maƙeran Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, su ne suka tafi neman tama har suka zauna a gindin Dutsen Dala, kuma ana cewa sunan ɗaya daga cikinsu, Kano, shi ne birnin ya ɗauka. Ka shiga maƙera ka tsaya ka duba. Maƙeri ya sa ƙarfe a wuta, yaro yana zuga, ya fitar da shi ja wur, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya yi ta duka har ya zama fartanya ko lauje. Shi ya san abin da yake so ƙarfen ya zama tun kafin ya kunna wuta. Fartanya ba ta taɓa ce wa maƙeri sai ya biya ta kafin ta shiga gona.

Zabura 100:3 ta tuna mana cewa Allah ne ya yi mu, mu nasa ne. A Wahayin Yahaya sura 4, dattawa ashirin da huɗu suna ajiye rawunansu a gaban kursiyin, kuma dalilin da suka bayar guda ɗaya ne: shi ya halicci kome, da nufinsa kome ya kasance. Ba su ambaci gona ko lafiya ko ƙarin girma ba. Tun kafin Allah ya ba ka ko da ƙwayar gero ɗaya, ya riga ya cancanci sujadarka, domin numfashin da za ka yi roƙon da shi ma nasa ne.

Annabi Ishaya a sura 44 ya zana hoton wani maƙeri da yake ƙera gunki. Yana cikin aikin sai yunwa ta kama shi, ƙishi ya galabaitar da shi, ƙarfinsa ya ƙare. Ka ga abin mamaki: mai yin allahn yana gajiya, allahn da aka yi kuma ba zai iya miƙa masa ko moɗar ruwa ba. Allahnmu ba wanda ya ƙera shi. Shi ne Maƙerin, mu ne ƙarfen.

2. Domin ya fanshe mu da jinin Ɗansa

Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da tsafin Tsumburbura a Dala, inda mutane suke kawo baƙaƙen dabbobi don yanka. Da yawa daga cikinmu kakanninmu sun fito daga gidajen da ake yi wa iskoki yanka. Dattawanmu za su gaya muku yadda abin yake. Ka ba da jan zakara, a bar maka ɗanka. Ka ba da baƙin bunsuru, a saki matarka daga ciwo. In ka yi jinkiri, ka kwana da tsoro. Ciniki ne, kuma bashin ba ya ƙarewa, kowace shekara sai an sake zubar da jini.

Bishara ta juya wannan al'amari gaba ɗaya. A kan gicciye Allah ne da kansa ya kawo hadayar. Bitrus ya ce ba azurfa ko zinariya aka biya don a fanshe mu daga al'adun banza da muka gada ba, jinin Almasihu mai daraja aka bayar (1 Bitrus 1:18-19). Bulus kuma ya nuna cewa tun muna cikin zunubi Almasihu ya mutu dominmu (Romawa 5:8). Babu wanda ya roƙe shi. Babu wanda ya ba da kafin alƙalami.

Abin baƙin ciki shi ne, wani ya bar gidan tsafi amma ya shigo da halin ciniki cikin majami'a. Ya sa baiko kamar yadda kakansa yake miƙa zakara, yana ƙirga kwanaki ya ga sakamako. Ya yi waƙa da rawa, amma zuciyarsa tana cewa, "Na yi nawa, saura naka." Ɗan'uwana, an riga an biya. Wanda aka fitar daga kurkuku aka yafe masa bashin da ba zai taɓa iya biya ba, in ya je gaida wanda ya fanshe shi, ba ya zuwa da takardar neman bashi. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Sujadarmu ita ce tukwicin kyautar da ta fi ƙarfin biya.

Ku tuna da kutare goma a Luka 17:11-19. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin Yadakunya ya san abin da wannan cuta take yi wa jiki da zumunci. Goma aka warkar, ɗaya ne kawai ya dawo yana ɗaukaka Allah da babbar murya, ya fāɗi a gaban Yesu, shi ma Basamariye ne. Tara sun karɓi abin da suka zo nema sun wuce. Ɗaya ya gane cewa Mai warkarwar ya fi warkarwar girma, kuma shi kaɗai ya ji Yesu ya yi magana a kan bangaskiyarsa.

3. Domin Uba yana neman masu sujada

Matar Samariya ta tambayi Yesu a bakin rijiya inda ya dace a yi sujada, kan dutsensu ko Urushalima. Yesu ya nuna mata cewa lokaci ya yi da ba wuri ne abin dubawa ba. Allah Ruhu ne, kuma yana neman waɗanda za su zo gare shi cikin Ruhu da gaskiya. Ku lura da kyau, shi ne yake nema. Mai sama da ƙasa, wanda mala'iku suke rufe fuska a gabansa, yana neman muryarka.

Wannan magana ta'aziyya ce gare mu da muke Gaya da Ajingi da ƙauyukan kewaye. Mu kaɗan ne. Wasu majami'unmu ginin ƙasa ne da rufin kwano, wasu kuma a zaure ko ƙarƙashin darbejiya suke taruwa. Wani sai ya taka tafiya mai nisa ko ya hau keke kafin ya iso. Kada ka rena wurin. Farkawar da ta bazu cikin duniya a 1906 a kan titin Azusa, a birnin Los Anjeles na Amurka, ta tashi ne a wani tsohon gini da aka taɓa ɗaure dawakai a ciki, kuma mai wa'azin, William Seymour, ɗan bayin da aka 'yanta ne. Ruhu Mai Tsarki bai jira a yi silin da fanka ba kafin ya sauko.

A ranar Fentikos kowa ya ji manyan ayyukan Allah da harshen garinsu (Ayyukan Manzanni 2:5-11). Mu ma haka ya yi mana. Tun 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki yake a harshen Hausa, bayan aikin shekaru da Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi. Ba sai ka iya Turanci ba kafin Allah ya ji ka. Da Hausar da uwarka ta yi maka rarrashi, da ita za ka yabe shi, kuma Wahayin Yahaya 7:9 ya nuna cewa a gaban kursiyin za a ga kowace kabila da kowane harshe.

4. Domin ba ya canzawa ko da yanayi ya canza

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A rana ɗaya Ayuba ya rasa shanu, jakuna, tumaki, raƙuma da 'ya'ya goma. Ya yage rigarsa, ya aske kansa, domin ciwon na gaske ne, Allah kuma bai hana shi kuka ba. Amma ya fāɗi ƙasa ya yi sujada. A nan ne zargin Shaiɗan ya rushe.

Annabi Habakuk ya yi magana da harshen da manomi zai gane (3:17-18). A tamu ƙasar sai mu ce: ko ruwa ya ɗauke gero yana bununi, ko ƙuduji ya cinye dawa, ko gyaɗa ta yi ganye babu 'ya'ya, ko turke ya zama babu akuya, duk da haka zan yi murna da Allah Mai Cetona. Shadrak, Meshak da Abed-nego sun gaya wa Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu daga wutar, amma ko bai cece su ba, ba za su durƙusa wa gunkin ba (Daniyel 3:16-18).

Mun gaskata cewa akwai iko cikin yabo. Bulus da Sila suna kurkuku a Filibi, bayansu duk shatar bulala, ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suka kama addu'a da waƙa. Ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, sarƙoƙi suka zube. Haleluya! Amma ka karanta sura 16 ɗin har ƙarshe. Da ƙofa ta buɗe ba su gudu ba. Da don a buɗe ƙofa kaɗai suke waƙa, da tuni sun fice. Sun tsaya, kuma a wannan dare mai tsaron kurkukun da iyalinsa duka suka sami ceto. Allah yana tsinka sarƙa sa'ad da mutanensa suke yabo, amma yabon nasa ne tun sarƙar tana ɗaure.

Sujada bayan an tashi daga majami'a

Romawa 12:1 ta kira mu mu miƙa jikunanmu hadaya mai rai. Ta bakin Amos, Allah ya ƙi waƙoƙin mutanen da suke rage mudu suna danne matalauta (Amos 5:21-24, 8:4-6). Saboda haka sujadar ranar Lahadi tana ci gaba a kasuwar Wudil ranar Juma'a. Kwanon awonka ya cika. Kada ka zuba tsakuwa cikin wake. Ka faɗi aibin dabbarka kafin a sallama. Ka biya ɗan ƙwadagon da ya yi maka noma a ranar da kuka yi alkawari. 'Yar'uwa, bakin da ya yi waƙa a zumuntar mata kada ya koma gida yana zagin maƙwabciya.

Muna zaune da maƙwabta Musulmi, muna jin suna tashi tun asuba domin sallarsu, wasunsu 'yan'uwanmu ne na jini. Wata rana wani zai tambaye ka dalilin ganga da tafi da murnar da yake jiyowa daga majami'arku. Bitrus ya ce mu kasance a shirye da amsa, cikin tawali'u da ladabi (1 Bitrus 3:15). Amsar ba ta da tsawo: Allah ya yi ni, Yesu ya fanshe ni, Ruhunsa yana zaune a cikina. Halinka na kullum shi zai sa a saurare ka.

In kana cikin waɗanda suka ja baya, ka dawo wannan Lahadi. Tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kuma Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗe mu kada mu bar taruwa. Ka zo da damuwarka yadda take, Uba yana so ka roƙa. Amma kafin ka buɗe baki da roƙo, ka fara ba shi abin da yake nasa.

Abin yi a wannan mako: Kowace safiya ka keɓe minti goma na yabo zalla, babu roƙo a ciki. Ka tara iyalinka ku karanta Zabura 95, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake gode wa Allah dominsa.

Addu'a: Ya Uba Mai Iko Dukka, kai ka yi mu, kai ka fanshe mu da jinin Yesu. Ka cire halin ciniki daga zukatanmu. Ka cika mu da Ruhu Mai Tsarki domin mu yi maka sujada cikin gaskiya, rumbu a cike ko babu komai. Ka ƙarfafa ikkilisiyarka a Gaya da Ajingi, ka komo da waɗanda suka karai, ka ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.