Rumbun Yusufu da Rumbun Mai Arziki: Shirin Gobe Rashin Bangaskiya Ne?

A daren 31 ga Disamba majami'u kan cika maƙil. Akan yi waƙa, a ba da shaida, a shiga sabuwar shekara a durƙushe. Amma in aka tari magidanci a bakin ƙofa aka tambaye shi abin da ya ƙudura zai cim ma kafin wata Disambar, sau da yawa amsarsa ita ce, "Sai abin da Allah ya yi." Maganar gaskiya ce. Sai dai a bakin wani bangaskiya ce, a bakin wani kuwa mafaka ce ta gudun lissafi, kuma rarrabe su ba abu ne mai sauƙi ba.

Masu ɗari-ɗari da tsara buri suna da hujja. Ubangiji Yesu ya hana almajiransa damuwa a kan gobe (Matiyu 6). Yakubu ya tsawata wa 'yan kasuwar da ke yanke shekarar da za su yi a wani gari da ribar da za su ci, alhali ba su san abin da gari zai waye da shi ba (Yakubu 4). Zaman ƙasa ma ya ƙara musu ƙarfi. Wanda ya fara tara kuɗin kwanon rufi a 2022 ya ga an cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ya ga tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuɗinsa na nan amma kwanon ya yi nisa. Iyalai a Bokkos da Barkin Ladi sun gama kai amfanin gona gida, aka auka musu a jajiberin Kirsimeti na 2023. Ba mai hankalin da zai tsaya a gabansu ya ce rashin tsari ne ya cuce su.

Duk da haka Littafi Mai Tsarki ya ajiye mutum biyu da suka yi aiki iri ɗaya, ya yabi ɗaya, ya kira ɗayan wawa. Yusufu ya shawarci Fir'auna a tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar har shekara 7 ta ƙoshi, domin shekara 7 ta yunwa (Farawa 41). Mai arzikin nan na cikin misalin Yesu shi ma gonarsa ta yi albarka, ya yi niyyar rushe rumbunansa ya gina manya (Luka 12). Dukansu sun hangi gaba, dukansu sun yi ajiya. Ashe laifin ba a rumbun yake ba. Wanda ya karanta shawarar mai arzikin a tsanake zai lura ba kowa a cikinta sai shi: ba mata, ba 'ya'ya, ba 'yan ƙwadagon da suka yi masa girbi, ba Allah. Ya ƙirga shekarun da ke gabansa kamar buhunan da ke hannunsa, burinsa kuwa shi ne ya kai ranar da ba zai ƙara bukatar kowa ba. Yusufu ya tara domin ya buɗe, har 'yan'uwan da suka sayar da shi suka ci daga ciki. Yakubu ma bai hana fatauci ba, ya dai bukaci a sa nufin Ubangiji a gaban maganar. Damuwa da shiri kuma ba ɗaya ba ne. Mafi yawan waɗanda barci ke ƙaurace wa a watan Janairu, waɗanda ba su zauna sun yi lissafi a Nuwamba ba ne.

Nehemiya ya nuna yadda addu'a da lissafi ke zama a zuciya ɗaya. Daga ranar da ya ji labarin rushewar garun Urushalima zuwa ranar da ya yi magana da sarki Artashate, kimanin wata 4 ne. Da sarki ya tambaye shi abin da yake so, bai yi inda-inda ba. Ya yanke lokaci, ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin ƙasashen da zai ratsa, da wata zuwa ga Asaf mai lura da kurmin sarki saboda katako. Mutumin da ya san sunan mai tsaron kurmi, ba azumi kaɗai ya yi a watannin nan ba. Da ya isa, ya zaga garun da dare ya ga ɓarnar da idonsa tukuna, sa'an nan aka raba aikin, waɗansu suka gyara daidai ƙofar gidajensu. Aka gama cikin kwana 52.

A gidan manomi abin ba shi da wuyar ganewa. Da kaka masara takan yi arha a kasuwa irin ta Mangu, domin kowa ya kawo. A daidai lokacin ne ɗinkin Kirsimeti da kuɗin makaranta na Janairu ke ƙwanƙwasa ƙofa. Sai a sayar ba ƙirge, a dawo a Yuli da Agusta ana sayen mudu da tsada, taki kuwa an riga an makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gidan da ya ƙirga buhunansa tun suna tsakar gida, ya ware na Ubangiji, da na ci har wata kakar, da iri, da na taki, da na makaranta, shi ne ya san girman bikin da zai iya yi. Cewa "yaron nan zai yi karatu" fata ne kawai, sai ranar da aka rubuta kuɗin rajistar WAEC, da watan da za a biya, da akuyar ko zubin adashin da zai biya shi. Buri ɗaya ko biyu masu rana da adadi sun fi goma da aka yi shelarsu a majami'a. Abin takaici, magidanta da yawa kan yi wannan lissafi su kaɗai, alhali uwargida ce ta san mudu nawa gidan ke ci a mako, ita ce kuma za ta ɗauki nauyin kowane kuskure a bakin murhu.

Akwai wani haɗari a ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa ba domin yana kama da ƙwazo. Mutum na iya cika kowane buri nasa ya zama dutse. Rashin lafiyar tsohuwarsa ya zama ɓata lissafi, maraya a ƙofa ya zama giɓi a kasafi. Shari'ar Musa ta tare wannan da hikima: ta umarci mai gona kada ya girbe gefen gonarsa ƙaf, kada kuma ya koma yin kala, ya bar wa matalauci da baƙo (Littafin Firistoci 19). Wato rabon wanda ba a san da zuwansa ba, tun a gona ake ware shi. Da irin wannan kala Rut ta ciyar da surukarta a Baitalami. Kasafin gida da bai bar gefe ba, ko jadawalin mako da ba shi da sa'a guda ta gaida mara lafiya, ya fi kusa da rumbun mai arziki, ko da an buɗe shi da addu'a.

Wani shirin kuma yakan rushe ba da laifin kowa ba. Manzo Bulus ya rubuta wa ikilisiyar Roma tsarinsa dalla-dalla: zai kai gudunmawar masu bi na Makidoniya da Akaya Urushalima, ya biyo ta wurinsu, su raka shi zuwa Asbaniya (Romawa 15). Kashi na fari ya cika. A Urushalima aka kama shi, ya yi shekara 2 a tsare a Kaisariya, jirginsa ya farfashe a tsibirin Malita. Roma kam ya isa, amma a hannun soja, ya yi wata shekara 2 a gidan haya da mai tsaro a gefensa, yana koyar da masu zuwa wurinsa.