Jitar Bes, Shaiɗan da Mai Gyaran Rediyo

A kudancin kogin Kaduna, daga Kakuri da Barnawa har Narayi da Sabon Tasha, inda Kiristocin garin suka fi taruwa tun bayan rikicin addini na 2000 da na 2002, jitar bes ce ke riƙe gindin waƙa a majami'u da yawa. Ran da muryarta ta yi sanyi ana tsakiyar sujada, akan sami wanda zai ce Shaiɗan ne ke yaƙi da yabo, a tsaya a tsawata masa. A ganina, ɗora wa Shaiɗan laifi tun ba a kwance ko sukuru ɗaya ba kasala ce, kuma raina tsarin da Allah ya yi wa halittarsa ne.

A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar akwai abin da makaɗa ke kira fikof: maganaɗisu ne da aka naɗe shi dubban zagaye da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a kansa, sai ɗan ƙaramin lantarki ya taso cikin wayar, ya bi igiya zuwa amfilifaya. Michael Faraday ya gano wannan ƙa'ida a 1831, a kanta kuma Leo Fender ya gina Precision Bass a 1951. Hanyoyin da sautin ke bi ya raunana sanannu ne. Ƙurar hunturu na shiga maɓallin ƙara murya, zufa da laimar damina na sa tsatsa a bakin soket, soson da ke tallafe da fikof kan ruɓe har ya nutse nesa da tsirkiya, batir mai bolt 9 kan mutu a jitar da ke amfani da shi. Mai gyara na ƙwarai yakan fara da canza igiya, ya bar fikof sai ƙarshe, ya ɗora masa mita. Lafiyayye zai nuna dubban om. Wanda wayarsa ta tsinke, mita za ta nuna hanya a yanke.

Za a ce ai Allah ne mai yin komai, waya da maganaɗisu ba su da iko. Tsohuwar gardama ce, kuma maƙwabta Musulmi na arewacin kogin sun san ta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce wuta ba ta ƙone auduga da ikon kanta, Allah ne ke halittar ƙunar a duk lokacin da suka haɗu. Ibn Rushdi ya mayar masa da cewa wanda ya musanta dalilai ya rushe ilimi. Amma ko a bar wa Gazali maganarsa, shi ma bai musa cewa Allah yana gudanar da abubuwa bisa al'ada tabbatacciya ba. To, mai ɗora mita a kan fikof wannan al'adar yake karantawa. Nehemiya ma, da maƙiya suka yi barazana ga ginin garun Urushalima, addu'a ya yi sannan ya sa masu tsaro dare da rana, bai ga saɓani tsakanin biyun ba.

Hujjar da ta fi wuyar turewa ita ce ta masu cewa sun gani da idonsu: an yi addu'a, sauti ya dawo. Ba ƙarya suke yi ba, kuma ba ni da hurumin hana mutum godiya. Sai dai dalmar da ta tsage a mahaɗar waya haka take yi, ta taɓa ta saki. Ɗaga jitar ko murɗa igiya ya isa ya maido da sauti na ɗan lokaci. Idan an ɗauka an kori Shaiɗan, ba wanda zai kai ta wurin mai gyaran rediyo ranar Litinin, Lahadi mai zuwa kuma sai a fara zargin makaɗin da ɓoyayyen zunubi, alhali tsagewar na nan inda take, aikin minti goma ga mai ƙarfen narka dalma.