Na Gaba Ya Yi Gaba, Na Baya Fa? Hakkin Abokiyar Tafiya A Kan Dutse



Da zarar hunturu ya kama a Zariya, wato daga wajen ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, masu sha'awar tattaki kan ce lokacinsu ya yi. Rana ba ta cizo, damina ta wuce balle a ji tsoron santsin dutse. A irin wannan lokaci ne ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ma'aikata da sauran masu son motsa jiki daga Samaru da Sabon Gari kan haɗa kansu rukuni-rukuni su nufi Dutsen Kufena da ke kusa da Wusasa. Wurin yana da tarihi, domin masana sun nuna cewa Kufena na cikin tsofaffin mazaunin mutanen Zazzau kafin birnin Zariya ya bunƙasa, kuma har yau akwai kufan ganuwa a kewayensa. Mata ma suna zuwa, kuma abin a yaba ne, musamman ga mu da yawan zama ya sa ciwon ƙafa da hawan jini suka zama abokan hira.

To amma akwai wata tambaya da kusan kowace tafiya irin wannan kan haifar, ita nake so mu tattauna a yau. A ce mata goma sha biyu ne suka haɗu a Kwangila da sassafe, aka yi karo-karo aka ɗauki mota. An fara hawa ana raha, an kai rabi, sai ɗaya ta nemi wuri ta zauna tana haki, ta ce, "Wallahi Anti ba zan iya ba, jiri nake ji." Ga ƙololuwa can ana hangenta ta cikin hazo. Mene ne daidai? A ajiye mata gorar ruwa a ce ta jira a dawo? Kowa ta haƙura a sauka? Ko kuwa wasu su tsaya, wasu su wuce?

Kada mu yi saurin zargin masu son wucewa, domin suna da hujja. Wata ta yi wata guda tana shirin wannan rana, ta nemi izini, ta kai yara gidan kakarsu, ta biya kuɗinta. Ƙarfin da Allah ya ba ta ba laifi ba ne, son ganin ƙarshen abin da ta fara shi ma ba laifi ba ne. Za ta iya cewa, "Haba Yaya, ni na sa ta zo? Kowa ai ta san jikinta." Za ta ƙara da cewa idan kullum sai an koma saboda mutum ɗaya, masu ƙwazo za su daina zuwa, tafiyar ta mutu. Har karin magana tana da shi: na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Sai dai akwai abin da wannan hujja ta tsallake. Wannan baiwar Allah da ta zauna, da ita kaɗai ce, da ba ta hau ba. Ta bar gidanta ne saboda ta ga jama'a, ta taka dutsen ne saboda ta ga ke a gabanta, ga wata a bayanta. Ke nan wurin da take zaune yanzu, mu muka kawo ta. Barinta a tsakiyar dutse ba mayar da ita inda muka same ta ba ne. A gida tana da inuwa da magani da maƙwabta, a nan kuwa ba ta san hanyar sauka ba, ga iska mai ƙura, ga kaɗaici. Kin ga ke nan tun daga lokacin da aka ce "mu je", an ƙulla amana ko da ba wadda ta furta. Wadda ta ce ba ita ta sa ta zo ba ta manta cewa zuwan nata yana cikin abin da ya ba waccan ƙarfin gwiwar fitowa.

Wannan tambaya ta taɓa girgiza duniyar masu hawan tsaunuka. A watan Mayu na 2006, wani Bature ɗan Ingila mai suna David Sharp ya galabaita a kusa da ƙololuwar Eberest, tsaunin da ya fi kowane tsawo a duniya, mai kimanin mita 8,849. Ya zauna a wani ɗan kogo a gefen hanya, masu hawa kusan 40 suka wuce ta wurinsa. Wasu sun tsaya sun gwada taimakonsa, wasu sun ɗauka ya riga ya cika, wasu kuma suka ci gaba da tafiyarsu. A nan ya rasu. Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay ne suka fara kai wa ƙololuwar a 1953, ya fito fili ya yi tir da abin, yana ganin an fifita kai wa sama a kan ran ɗan Adam. Masu kare kansu suka ce a irin wannan tsawo, inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci, ɗaukar mutum kusan ba ya yiwuwa. Bayan kwana goma da 'yan kai, a kan tsaunin dai, wani Ba'amurke mai suna Dan Mazur da abokansa uku suka iske Lincoln Hall, ɗan Ostireliya, wanda aka bari a daren jiya bisa zaton ya mutu. Saura 'yan sa'o'i su kai ƙololuwa, bayan makonni na wahala da dukiya mai yawa da aka kashe, amma suka tsaya tare da shi har masu ceto suka iso. Ba su kai sama ba a ranar. Shi kuwa Hall ya rayu har zuwa 2012.

Kufena ba Eberest ba ne, kuma da wuya a ce rai ne a kan siraɗi a tattakinmu. Amma wannan ma shi ya sa hujjarmu ta wucewa ta fi tasu rauni. Su suna iya cewa da sun tsaya da sun mutu. Mu fa? Abin da za mu rasa hoto ne a waya, da iya cewa "na kai". Dutsen yana nan mako mai zuwa, yana nan baɗi. Zuciyar da ta ji an yar da ita kuwa ba lalle ta sake biyo mu ba, kuma duk inda ta zauna labarin da za ta bayar ke nan.

Kakanninmu fatake, waɗanda suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna watanni a hanya, sun san wannan. Ayari yana da jagaba mai nuna hanya, amma alhakin kowa da kowa, har da mai jakin da ya gurgunce, a wuyan madugu yake. Ba a yabon madugu don shi ya riga kowa isa zango, ana yabonsa ne idan ayari ya isa cikakke. A addininmu ma haka abin yake. Abu Dawuda ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) kan koma bayan ayari a lokacin tafiya, yana ƙarfafa mai rauni, ya goya shi a kan abin hawansa, ya yi masa addu'a. Malaman tafsiri da dama kuma sun lissafa abokin tafiya cikin waɗanda aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta yi umarni a kyautata musu. Duba fa, wanda ya fi kowa cancantar gaba shi ne ya zaɓi baya.

To shin ke nan mai rauni ba ta da nata nauyin? Tana da shi, kuma babba ne: gaskiya. Da yawanmu kunya kan sa mu ɓoye. Mai ciwon asma ta san ƙurar hunturu na tayar mata, amma ta yi shiru, ko abin shaƙarta ba ta ɗauko ba. Mai ƙaramin ciki ba ta so a sani. Wata ba ta karya ba, wata ta sa silifas, wata ta zo da doguwar hijabi mai jan ƙasa da ke harɗe ƙafa. Idan aka tambaya, sai ta ce, "Lafiya lau nake." Wannan ba kawaici ba ne, ɗora wa mutane kaya ne ba da saninsu ba. Hunturu kuma mayaudari ne, iska na busar da gumi nan take, sai mutum ya ƙi shan ruwa don bai ji ƙishirwa ba, har jiri ya kama shi. Wadda take so a jira ta, wajibi ne ta faɗi halinta tun a ƙasa, kuma ta yi magana da zarar ta fara jin sauyi, kada ta bari sai ta zube.

A Amurka akwai wani makeken kwazazzabo a jihar Arizona da ake kira Grand Canyon, wanda zurfinsa a wani wurin ya kai mita 1,800. A can tafiyar a juye take, da gangara ake farawa. Masu kula da wurin kan gargaɗi baƙi cewa sauka ganin dama ce amma hawowa dole ce, kuma su ware wa dawowa ninkin lokacin da suka ɗauka wajen sauka. Darasin ya shafe mu ko da namu hawa ne farko: rabin tafiya ita ce ƙololuwa. Gwiwa ta fi shan wuya a gangare, kuma targaɗe ya fi samun wadda ta gaji. Wadda ta ƙarar da ƙarfinta don ta kai sama, da me za ta riƙe hannun 'yar'uwarta wajen sauka?

Saboda haka a ganina rigimar ba a tsakiyar dutse ake warware ta ba, a gindinsa ne, kafin a ɗaga ƙafa. A naɗa shugaba guda, kamar yadda sunna ta koyar ko da mutum uku ne suka fita tafiya. A sa wadda ta san hanya a gaba, a sa mafi ƙarfi a can baya. A yanke lokacin juyowa, an kai ko ba a kai ba, domin a sauko da sauran rana. A kuma yarda cewa ba a barin kowa ita kaɗai. Idan gajiya ce kawai, mutum biyu su zauna da ita, sauran su ƙarasa su dawo, kuma a riƙa karɓa-karɓa don kada kullum a ce wance ce mai haƙuri. Idan kuwa numfashi ne ya sarƙe, ko suma, ko rauni, to tafiya ta ƙare ga kowa. Da wannan yarjejeniya mai ƙarfi ba za ta ji an tauye ta ba, domin da saninta ta shiga, mai rauni kuma ba za ta ji ta zama kaya ba.

'Yan'uwa, wannan magana ba ta tsaya a kan dutse ba. A ajinmu na Islamiyya akwai wadda har yanzu take haɗa baƙi, alhali wasu sun yi nisa a hadda. A ƙungiya akwai wadda kuɗin wata ya gagare ta tun da mai gidanta ya rasu, ta daina zuwa taro don kunya. Mu muka gayyato su, mu muka ce "mu je". Kafin mu ƙirga nisan da muka yi, ya kamata shugaba ta waiwaya ta ƙirga kawuna, ta ga ko adadin da ya taso shi ne yake tare da ita. Sannu dai ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu lafiya da abokan tafiya na gari, ya sa mu ma mu zama na gari ga wasu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, wassalamu alaikum.