Tsohuwar mota da aka sake ginawa: ta hawa ce ko ta kallo?

A Ingila akwai wata ƴar motar gudu mai kujera biyu da ake ce wa MGB. An ƙera ta a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980, fiye da guda 500,000, kuma har gobe akwai masu sayen tsohuwarta bayan makanikai sun warware ta ƙusa-ƙusa sun sake haɗawa. Da yawa daga cikinsu kulle ta suke yi a gareji, su lulluɓe ta da mayafi, sai ranar hutu in rana ta fito su ɗan zaga gari. Amma akwai masu cewa su dai da ita za su je aiki, da ita za su je cefane, ko ana ruwa ko ana sanyi. Masu kullewar suna yi wa waɗannan kallon maɓarnata: ka samu abin tarihi, ka mai da shi jakin kai niƙa.

Na san wani zai ce, mu da muke ciniki da ɗan kabu-kabu kan dala ashirin, ina ruwanmu da motar Bature? Ku dai bi ni a hankali, ƴan'uwa. Gardamar tasu ce, amma tambayar da ke ƙarƙashinta ta kowa ce: abu mai daraja da ya tsufa, amfani da shi ake yi ko adana shi? Ni ina bayan mai hawa kullum, sai dai da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi goyon bayan nauyi.

Kafin a ce mutum yana ɓata abin tarihi, sai an san me ya saya. Babbar cutar MGB tsatsa ce. Gangar jikinta ita ce ƙashin bayanta, ba ta da wani shasi dabam, don haka in tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi to motar ta kusa karyewa. Tun 1988 wani kamfani mai suna British Motor Heritage yake buga sabuwar gangar jikin MGB da ainihin injinan bugun ƙarfe na da. Ke nan mutum yana iya sayen mota “ƙirar 1967” wadda jikinta sabo ne fil, fistin ɗin injinta sababbi, mazaunin bawul an sauya shi don ya jure man da ba shi da darma, wayoyi sababbi, kujeru sabon ɗinki. Me ya rage na 1967? Wataƙila ɗan faranti mai lamba, da takardu.

Duk wanda ya zauna ajin falsafa a shekarar ƙarshe ta lise ya ji labarin jirgin ruwan Thésée, wanda mutanen Atina suka riƙa cire ruɓaɓɓen katakonsa suna sa sabo har ba sauran na asali. Shi ne ko ba shi ba ne? A aji muna yin wannan gardama don maki. A duniyar motoci kuwa kuɗi ne a kanta, shi ya sa aka tilasta wa hukuma ta ba da amsa. Tsawon shekaru hukumar rajistar motoci ta Birtaniya ta yi aiki da lissafin maki ga motar da aka sauya wa kama: shasi ko gangar jiki maki 5, akwatin giya 2, sitiyari 2, aksul 2, sifirin da abin da ke riƙe da tayu 2, inji kuma 1 tak. Sai ka haɗa 8 ka riƙe tsohuwar lambarka. Ku duba fa, injin da kowa yake kira zuciyar mota, shi ne mai maki ɗaya. Wannan lissafi ya riƙa raba rigima a ofis, amma ba wanda zai ce daga maki 7 zuwa 8 ne ruhin mota yake shiga.

Amsar da ta fi gamsar da ni daga kotu ta fito. Akwai wata Bentley ta tsere da ake wa laƙabi da Old Number One, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 1929 da 1930. Daga baya aka sake mata shasi, ta yi mummunan haɗari a filin Brooklands a 1932 har direbanta ya rasu, aka sake gina ta. A 1990 wani kamfani ya yarda zai saye ta fam miliyan 10, sannan ya nemi janyewa, wai ai ba ita ce ta ci tseren ba. Alƙali ya ba mai sayarwa gaskiya. Hujjarsa ita ce tarihin motar bai taɓa yankewa ba: kowane sauyi a kanta aka yi shi, ana sane, kuma babu wata motar da za ta tashi ta ce ni ce.

Nan ne karatuna ya shigo, don mu ƴan kimiyyar harshe mun daɗe da wannan ciwon kai. Saussure, a darussansa da aka buga a 1916, ya kawo misalin jirgin ƙasan da ke tashi daga Janeba zuwa Pari da ƙarfe 8:45 na dare. Na yau da na gobe, taragu dabam, kan jirgi dabam, ma'aikata dabam, amma kowa ya yarda jirgi ɗaya ne, saboda lokacinsa da hanyarsa da matsayinsa cikin sauran jirage. Kalma ma haka take. Ɗauki “littafi”. Daga Larabci ta zo, al-kitab. Lam ɗin farko ya manne ya zama jikin kalmar, k ta narke cikin t, b ta koma f, aka liƙa mata wasali a ƙarshe, har aka yi mata jam'i irin namu. Bakin Hausawa ya yi mata abin da gareji yake yi wa mota, kuma ba wanda ya kai ƙara cewa an ɓata ta. Abin da ya raya ta shi ne ba a taɓa daina furta ta ba. Kalmar da kawai ke kwance cikin ƙamus, wadda ba uwar da ke faɗa wa ɗanta, siffarta ba ta canzawa kam, amma kun san me muke kiran irinta.

Kada ku ce kwatance ne kawai na ɗan jami'a, ku tambayi kowane makanike. Motar da aka ajiye ba ta tsayawa yadda aka bar ta. Robobinta suna bushewa su tsage, man birki yana shan danshi ya sa tsatsa daga ciki, isansi yana lalacewa ya toshe kafireto, batir ya mutu, taya ta kwanta gefe guda. Zama ma yana cin mota, cin nasa ne dai ba a ji.

Masu adanawa suna da gaskiya a wuri guda, kuma ba ƙarama ba ce. Motar da ba a taɓa taɓawa ba, fentinta na masana'anta, ɗinkin kujerarta na ranar farko, shaida ce. Daga gare ta ake sanin yadda aka yi aikin. Irin wannan matsayinta ɗaya da tsofaffin rubuce-rubucen ajami da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai: ba za ka cusa su cikin jaka ka hau babur ba. Amma motar da aka sake ginawa ta riga ta bar wannan matsayi tun ranar da aka kankare fentinta. Ta zama kamar kwafin da almajiri ya juya daga littafin malam, kuma kwafi don karatu ake juya shi. Wanda ya sayi irinta ya kulle, gadin abin da ba ya nan yake yi. Sau da yawa ma ba tarihi yake tsaro ba, farashi yake tsaro.

To, ga sharaɗin. Lalacewar mota ba ita ce matsalar ɗabi'a ba, tunda dukiyarsa ce. Matsalar ita ce wa zai biya in abu ya faru. A 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka, IIHS, ta gwara Chevrolet Bel Air ƙirar 1959 da Chevrolet Malibu ƙirar 2009, gaba da gaba. Tsohuwar, wadda kowa yake ɗauka ƙarfe ce zalla, ɗakin direbanta ya murƙushe. Ta zamanin kuwa gabanta ne ya lotse, ɗakin ya tsaya. MGB ta 1967 ba ta da jakar iska, ba ta da na'urar hana birki kullewa, ba ta da matatar hayaƙi a salansa. Hawan ranar hutu kaɗai haɗarinsa kaɗan ne don tafiyar kaɗan ce. Hawan kullum yana ninka shi, cikin cunkoso, cikin dare, kan jiƙaƙƙen titi.

In mutum baligi ya ce na ji na gani, raina ne, zan iya yi masa shiru, ko da yake iyalinsa ma suna da magana a kan ran nan. Amma yaron da zai ɗauka zuwa lakwal bai ce ya ji ya gani ba. Tsohuwar da ke tsallaka titi ba ta sa hannu a kan birkin 1967 ba, haka wanda ke bayansa yana shaƙar hayaƙi. Saboda haka mai son hawa kullum wajibi ne ya sa mata ɗamarar kujera ta kirki, taya ta zamani, fitila mai haske, birki mafi kyau da za ta iya ɗauka, ya kuma tuƙa ta da sanin iyakarta. Masu tsantseni za su ce ai ya gurɓata asali. Sai mu koma wajen alƙalin Bentley: motar da aka riga aka sauya wa jiki sukutum, ba ɗamara ce za ta raba ta da sunanta ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sunan da ake ba abin. Peugeot 504 da muka tashi muna gani a tashoshinmu, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, tana da ƴar'uwa mai ƙofa biyu da ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. A Faransa mota in ta kai shekara 30 ana iya yi mata takardar motar tarihi, a ɗaga darajarta. Irin wannan 504 ɗin, mai shekaru iri ɗaya, in tana lodin fasinja tsakanin Damagaram da Tanut, sunanta akwala. Alhali makanikanmu su ne gwanayen jirgin Thésée: injin wata, ƙofar wata, giyar wata, ga walda bisa walda, kuma motar tana tafiya. Bambancin ba a ƙarfen yake ba. Mai MGB zaɓa ya yi, in ta mace masa a hanya ya kira mai ja, ya hau jirgin ƙasa. Fasinjan tasha kuwa abin da ya tarar shi zai shiga, kuma in ta mace, sai zaman gindin ƙaya har a samo abin gyara daga gari.

Shi ya sa ba na jin daɗin yadda wasunmu suke ɗaukar hoton irin waɗannan motoci suna yaba juriyarsu kamar wata al'ada ce da muka zaɓa. Hikimar makanike gaskiya ce, amma talauci ne ya ba shi aikin. Kuma nauyin da na ɗora wa mai MGB ya fi hawa kan mai motar haya, domin shi mutum biyu yake ɗauka, wannan kuwa tara ko goma, ban da kaya a bisa. Wani lokaci da ka tambayi direba yaushe aka duba birki sai ya ce komai na Allah ne. Haka ne, amma man birki a kanti ake sayar da shi, kuma kuɗinsa bai kai na kujera biyu ba.