Tsakanin Sallamawa da Karɓar Mabuɗi

Cinikin goro ko na tufa a tsaye ake gama shi. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har ya sallama, a ƙirga kuɗi, kowa ya kama gabansa. Cinikin gida ba haka yake ba. Tsakanin ranar da mai gida ya sallama da ranar da mabuɗi zai shiga hannun mai saye akan yi watanni, wani sa'i har shekara. A cikin wannan jiran ne akan gane mai alkawari da mai cin amana.

Wani jinkirin ba laifin kowa ba ne. In gidan gado ne, tilas a tara magada kowa ya yarda, ga shi kuwa wani yana Kurmi, wani maraya ne sai alƙali ya tsaya masa. Sa'an nan ga hukuma. Tun 1910 doka ta sa ƙasar Nijeriya ta Arewa a hannun Gwamna, a 1978 kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta game tarayya duka. Sashe na 22 na wannan doka ya hana mai takardar mallaka ya sayar ko ya jinginar sai da yardar Gwamnan jiharsa. Ban da wannan, sai an bincika a ofishin filaye ko gidan yana jingine a banki, a biya haraji, a yi rajista. Irin wannan jinkiri shinge ne, gama shi ke hana a sayar wa mutum biyu gida ɗaya.

Amma fa kasuwa ba ta jiran takarda. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya wajen naira 460 take a farashin hukuma, a Fabrairu na 2024 kuwa ta haura 1,400. To, a ce wani ya sallama gidansa a kan naira miliyan 20 kafin wannan faɗuwa, ya karɓi miliyan 2 kafin alƙalami, sauran sai takardu sun fito. Wata 8 suka wuce, siminti da kwano suka yi tsada, cikon kuɗin nan ba zai gina masa irin abin da ya yi niyya ba. Ana nan sai ga dillali da wani mai tayin miliyan 30. Shin ya halatta gare shi ya fasa? Shi dai yana da iyali, hasararsa kuwa ta gaske ce. Mai saye kuma ya sayar da gonarsa don ya tara kuɗin, ya riga ya gaya wa mai gidan hayarsa zai tashi.

Dokokin mutane sun bambanta a nan. A Ingila, muddin ba a yi musayar takardun ciniki ba, kowane ɗaya yana iya janyewa, ko da ɗayan ya ɓatar da kuɗi wajen lauya da mai duba gini. A fiƙihun Malikiyya kuwa ciniki ya ɗauru da zarar an taya an sallama, ko ba a tashi daga wurin ba. Wanda ke son ya yi shawara sai ya sa sharaɗin zaɓi tun farko, shi ma da iyaka. Muhtasar na Halilu ya kimanta wa gida kamar wata guda. Abin lura a nan shi ne malamai sun ba jira wuri, amma ba su yarda da jira marar rana ba.

Doka kuma takan kuɓutar da wanda mutunci bai kuɓutar ba. A 1989 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke shari'a tsakanin bankin Savannah da wani mai gida a Ikko wanda ya jinginar da gidansa a kan bashi. Da banki ya tashi sayarwa, sai ya kai ƙara cewa ba a sami yardar Gwamna ba, alhali nemanta a wuyansa yake. Kotu ta rushe jinginar. Ya ci shari'a, amma da sakacinsa ya ci ta.

Saboda haka ma'auni biyu ne. Na farko, a hannun wa jinkirin yake? Na biyu, wa ke cin ribarsa? In daga ofis ne ko daga rabon gado, alkawari yana nan daram. Mai gidan nan ya tambayi zuciyarsa: da farashin gidaje ya faɗi, zai rage wa mai saye ko anini? In ba zai rage ba, ba shi da hujjar ƙari. Mai saye kuwa in ya ga hasarar ta yi wa ɗan'uwansa nauyi ya ƙara masa wani abu, wannan alheri ne, ba a tilasta shi, ba a kuma manta shi.

In kuwa mai saye ne ke da kuɗin a hannu, yana juya su a kasuwa, yana cewa gobe, jibi, to yana cin dukiyar wani ne da sunan haƙuri, malamai kuwa sun lissafta jinkirin mawadaci cikin zalunci. Haka mai gida da ke ɓoye takarda yana sauraron tayi mafi tsoka. Haka dillalin da ya san gida yana da rikici ya yi shiru don kada la'adarsa ta kuɓuce. Haka ma'aikacin da ya danne takarda a tebur sai an ba shi na goro, gama kowace rana da ya ƙara, daga aljihun wani take fita.

Maganin abin tun ranar ciniki ake yinsa. A yanka rana a gaban shaidu, a rubuta wanda zai nemo kowace takarda, a faɗi abin da za a yi in ranar ta wuce. Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Wanda ya ɗauka ya san inda zai sauke, shi ne ba ya gajiya a hanya ya yar.