Ko Kallon Tsuntsu Aikin Banza Ne?

Wurno, ribaɗin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna har ya rasu a 1837, tana bakin fadamar Gulbin Rima. Raba, mahaifar Sardauna, tana bakin Gulbin Sakkwato. A Goronyo kuwa an datse Rima, aka gama madatsar a 1984, ruwa ya kwanta rani da damina. Inda ruwa ya ke kuwa, nan tsuntsu ya ke: ga belbela da zalɓe, ga kirinjijiya da dinya, ga kuma waɗansu baƙi da su kan ƙetaro Hamada daga Turai lokacin hunturu.

To, a ce wani baƙo ya zo fadamar nan da madubi mai kawo nesa kusa, da na'urar ɗaukar hoto. Ya wuni laɓe cikin ciyawa, bai harba ba, bai ɗana tarko ba. Wani tsoho mai gadin shinkafa ya ce masa, "Malam, me ka samu yau?" Ya ce, "Baba, na ga tsuntsaye, na ɗauki hotonsu." Tsoho ya ce, "Ni kuwa su na ke kora tun asuba." Shin wane ne ya ke kan gaskiya?

Da fari dai manomi ba wauta ya faɗa ba. Wanda ya taɓa ganin jan baki ya taso kamar hadari, ya sauka kan shinkafa tana nuna, ya san abin da ya ke nufi. Wahalar wata huɗu ta kan salwanta cikin kwana kaɗan, ga iyali, ga bashin taki. Baƙon da ya ga wannan taro ya ce kyakkyawa ne kurum, ya nuna baƙo ko da ido makaho ne.

Amma fa ba kowane tsuntsu ne ɓarawo ba. Belbela da shamuwa fāra su ke ci, watau 'yan ƙodagon manomi ne waɗanda ba su neman lada. Shamuwa kuma ita ke yi wa talaka bushara damina ta kusa. Idan jirgin sama ya yi feshi a makwancin jan baki, dafin ba ya tambayar sunan tsuntsu, har shaho da ya ci gawar ya kan mutu. Mutumin da bai san wannan ba, sai ya kashe mataimakinsa tare da maƙiyinsa.

A dubi ungulu. Dā ba mayankar da ba ta cika da su, har a na yi musu dariya. Aka yi ta sa musu guba, a na sayar da kawunansu don tsibbu, ba wanda ya kula, gama an ɗauka abin da ya yi yawa ba ya ƙarewa. A 1915 da wani ya ce ungulu za ta yi wuyar gani, da an ce ya taɓu. A 2015 sai ga ta cikin lissafin tsuntsayen da su ke bakin ƙarewa a duniya. Masu zaman ƙirga tsuntsaye su ne su ka fara faɗakarwa. Gauraka ma haka, yara da yawa sai a hoto su ka san tukkunsa.

Duk da haka, mai kallo ba shi da ikon ya yi abin da ya ga dama. Wajibi ne ya fara gai da mai gari, ya nemi iznin mai gona, kada ya tattake shuka. Kada ya juya na'urarsa wajen mata masu wanki a gulbi. Kada kuma ya matsa wa sheƙa, gama in uwa ta firgita ta tashi, rana ta kan gasa ƙwai, ko hankaka ya ɗauke. Wanda ya kashe 'ya'yan tsuntsu don ya sami hoto mai kyau, maharbi ya fi shi hujja, tun da shi maharbi miya ya ke nema.

Saboda haka akwai bambanci tsakanin kallo da lura. Kallo na nishaɗi ne, ya kan wuce. Lura ita ce ke haifar da sani, sani kuwa shi ke nuna wanda za a kora da wanda za a bari. Annabi Sulaimanu, duk da girman mulkinsa, ya duba rundunar tsuntsaye har ya gane alhudahuda ba ya nan. Abin da sarki irin wannan bai raina ba, bai kamata a kira shi aikin banza ba.

Tsoho ya san ranar zuwan shamuwa, baƙo ya san ƙasar da ta ke komawa. In sun zauna inuwa ɗaya su ka haɗa saninsu, shinkafa ta tsira, fadama kuma ba ta yi shiru ba. Allah ya sa a gane.