SHIRUN FASINJOJIN KEGWORTH

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, ita ce: idan mutum ya miƙa ransa ga wanda ya fi shi sani, shin ya miƙa masa har da bakinsa ne? Watau amincewa da gwani ta sauke wa wanda ba gwani ba nauyin faɗin abin da idonsa ya gani? Ban sami inda wannan tambaya ta fito fili ba kamar a cikin jirgin sama. Amma kafin in kai ga labarin da nake nufi, tilas mai karatu ya yi haƙuri mu leƙa cikin injin tukuna, gama ba a gane labarin sai an gane injin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babban jirgin fasinja ya ga wata ƙatuwar fanka a bakin kowane inji. Wannan fanka ita ke zuƙo iska, sa'an nan iskar ta rabu biyu. Kaso mafi yawa ba ya ko kusantar wuta. Yakan bi ta gefe ne ya fice ta baya, kuma shi ke ba da mafi yawan ƙarfin da ke tura jirgin, kusan kashi 80 cikin 100. Ɗan kason da ya rage shi ke shiga cikin cikin injin, inda jerin ƙananan farfeloli ke matse shi, wannan ta miƙa wa waccan, har matsinsa ya ninka sau 30 ko fiye. Daga nan sai a fesa masa kananzir, wuta ta kama. Kamar dai maƙeri da zugazuginsa, sai dai wannan wuta ba ta numfasawa, ci take yi tun tashi har sauka. Iskar da ta ƙone takan fito da tsananin ƙarfi ta bugi waɗansu farfeloli da ke baya, su kuma su juya sandunan ƙarfe biyu, ɗaya a cikin ɗaya, waɗanda ke komawa gaba su juya masu matse iskar da ita kanta fankar. Ashe wutar tsakiya bara take yi wa fanka.

Abin mamaki, zafin iskar da ke bugun farfelolin farko na baya ya wuce zafin da ke narkar da ƙarfen da aka ƙera su da shi. Abin da ya hana su narkewa shi ne an huda musu ƙananan ƙofofi, iska mai ɗan sanyi tana fita ta ciki tana lulluɓe su. To, inji mai aiki a bakin halaka irin wannan ba ya jure gaggawa. In aka ɗura masa mai fiye da kima farat ɗaya, sai iskar da aka matse ta juyo da baya, a ji ƙara kamar ta bindiga, harshen wuta ya fito. In zafi ya haura iyaka, farfeloli su lalace. A zamanin farko matuƙi ne ke lura da duk wannan da idonsa da hannunsa, da taimakon waɗansu na'urori na ƙarfe da ke auna mai. Daga baya aka ɗora wa kowane inji kwamfuta tasa, wadda ake kira FADEC; ta shigo manyan jiragen fasinja a 1984, a kan injin Pratt & Whitney na jirgin Boeing 757. Yanzu in matuƙi ya tura totur, roƙo ne ya aika. Kwamfutar ce za ta duba saurin juyin sandunan nan biyu, da zafi, da matsin iska, da tsawon da jirgi yake, kana ta yanke yawan man da za ta saki. An yi ta da ƙwaƙwalwa biyu, in ɗaya ta gaza ɗaya ta karɓa, kuma tana da ɗan janaretonta da injin ke juyawa. Amma fa duk da wannan iko, in inji ya sami matsala a sama, yanke shawarar a kashe shi, da zaɓen wanda za a kashe, galibi aikin mutum ne. Mutumin nan kuwa yana zaune can gaba, inda ba ya hangen injinan sosai.

Ranar 8 ga Janairu, 1989, da dare, wani sabon jirgin Boeing 737-400 na kamfanin British Midland ya tashi daga Landan zai tafi Belfast da mutum 126. Injinansa biyu samfurin CFM56 ne, na kafin a sa musu cikakkiyar kwamfuta. Yana hawa, ya kai wajen ƙafa 28,000, sai ganye ɗaya na fankar injin hagu ya karye. Jirgi ya ɗauki jijjiga, warin hayaƙi ya shigo. Matuƙan biyu suka yanke cewa na dama ne ya lalace. Dalilinsu ba na wauta ba ne: kyaftin ya saba da jiragen da iskar ɗaki ke fitowa daga injin dama, bai san a wannan sabon samfuri an sauya tsarin ba. Da suka zo rage ƙarfin na dama, sai suka cire na'urar da ke riƙe totur da kanta. Ita kuwa wannan na'ura dā tana ta ƙara wa injin hagu mai don ya cike gurbin ƙarfin da ya rasa. Da aka cire ta, sai tarin da yake yi ya lafa. Ciwo ya yi sauƙi daidai lokacin da aka ba da magani, wa zai ce ba maganin ba ne? Suka kashe lafiyayyen inji, suka nufi filin jirgin East Midlands da mai ciwon. Da suka matso sauka suka nemi ƙarin ƙarfi, sai ya mutu. Jirgin ya faɗi a gefen babbar hanyar M1, kusa da ƙauyen Kegworth, ana hangen filin. Mutum 47 suka rasu.

Shaidu iri biyu sun san gaskiya a daren nan. Na farko wani ɗan ƙaramin agogo ne a gaban matuƙan, mai auna jijjiga, wanda ya yi ta nuna hagu. Ba su kula shi ba, domin irinsa na tsofaffin jirage sun yi suna wajen ƙarya, sai mai gaskiya ya gaji baƙin jinin magabatansa. Na biyu su ne mutanen da ke baya. Fasinjoji da dama, da waɗansu ma'aikatan cikin jirgin, sun ga wuta tana fita daga injin hagu. Kyaftin ya yi sanarwa cewa matsalar ta injin dama ce, an kuma kashe shi. Binciken da aka yi ya nuna ma'aikatan ba su kama kalmar "dama" a sanarwar ba; waɗansu fasinjoji kuwa sun ji, abin ya ɗaure musu kai, amma maganar ba ta kai gaba ba. Suka ɗauka mai tuƙi ya fi su sani.

Shin sun yi laifi? Wani abokina da muka yi gardamar nan ya ce sam. Hujjarsa mai ƙarfi ce, ba kuwa zan raina ta ba. Ya ce jirgi ba ya tafiya sai da amincewa. Fasinja kan firgita da motsin fiffike, da ƙarar tayoyi, da tururin da ba kome ba ne. In kowa zai tashi ya buga ƙofar matuƙi duk sa'ad da gabansa ya faɗi, to, jirgi ya zama kasuwa, kuma cikin hayaniyar matsorata ɗari muryar mai gaskiya ɗaya za ta ɓace. Ya ƙara da cewa wanda bai san yadda inji ke aiki ba, ba shi da ikon cewa gwani ya kuskure.

A nan na rabu da shi. Ya haɗa abu biyu da suka bambanta: ba da shaida da yanke hukunci. Wanda aka kira gaban alƙali ya ba da shaida ba a tambayarsa ko ya karanta fiƙihu. Abin da ya gani kaɗai ake nema. Ba wanda ya bukaci fasinjan Kegworth ya ce a kashe wancan inji a kunna wannan. Abin da ke wuyansa jimla ɗaya ce ga ma'aikaciyar jirgi: an ce dama, ni kuwa hagu na ga wuta. Faɗin haka ba ya bukatar sanin yadda ake matse iska, ba ya kuma rage wa matuƙi girma. Sanin inji yana gaba, ganin inji yana baya, kuma kowannensu shi kaɗai bai isa ya sauke jirgin ba. A ganina wanda ya riƙe rabin da ke hannunsa ya ce ladabi ne, yakan zama kansa yake karewa daga jin kunya in ya zamana shi ne ya kuskure. Ban ce masu laifi ne irin na kotu ba. Mutane ne a cikin tsoro, da dare, ni ma ban san me zan yi a kujerarsu ba. Amma ban yarda a kira shirun nan kyakkyawar ɗabi'a ba.

Nauyin da ya fi girma kuwa yana kan mai iko. Ba a tambayi ma'aikatan baya me suka gani a jikin injinan ba. Mai iko da bai buɗe ƙofar tambaya ba, ba shi da bakin kukan an ɓoye masa. Masu binciken Ingila sun gane haka, shi ya sa cikin shawarwarinsu har da a riƙa horar da matuƙa tare da ma'aikatan cikin jirgi, domin na baya ya saba da kai magana gaba, na gaba ya saba da nemanta. Mu da aka tarbiyyantar a kan cewa yaro ba ya gyara wa babba, ya kamata abin ya taɓa mu. Sau nawa malami kan rubuta lissafi a allo da kuskure, aji guda ya gani, kowa ya kwafe shi yadda yake? Sau nawa kuma malamin kan juyo ya ce, akwai wanda ya ga wani abu? Injiniyoyi da suka tashi gina kwamfutar inji ba su sa mata kunya ba: ƙwaƙwalwarta biyu suna bin diddigin juna, kuma ba wadda ke yin shiru don ɗayar ta girme ta.

Kada dai a zaci na'ura ta kawar da matsalar. Ranar 4 ga Fabrairu, 2015, wani jirgin TransAsia mai farfela a waje, samfurin ATR 72, ya tashi daga Taipei. Wata ƴar waya da haɗinta ya yi rauni ta aika saƙon ƙarya, na'ura ta janye ƙarfin injin dama, matuƙi kuma ya kashe na hagu mai lafiya. Jirgin ya faɗa kogin Keelung, mutum 43 suka rasu cikin 58. A can dukan tafiyar ba ta wuce ƴan mintoci ba, ko da wani fasinja ya ga wani abu, babu lokacin da zai kai maganar gaba. A Kegworth kuwa, tsakanin karyewar ganyen fanka da faɗuwar jirgin, an yi kusan minti 20.